An ce rabin yatsa ɗaya ne kawai ya tafi: wa ke yanke kason nakasa?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana ina neman shawara, ku yi haƙuri da tsawon rubutu. Maigidana yana aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, shi ke kan injin da ke matse robar. Kafin azumi injin ya kama masa hannun dama. An yanke manuniyarsa daga gaɓar tsakiya, na tsakiyan kuma an yi masa aiki an sa ƙarfe, har yanzu ba ya lanƙwasuwa. Babban yatsan a ido lafiyarsa ƙalau, amma ya ce ji yake kamar ba nasa ba, gefe ɗaya ko allura ce ta soke shi ba ya sani. Maɓallin rigarsa ni nake saka masa. Abinci ma da hagu yake ci, shi ya sa ya daina fita cin tuwo da maƙwabta a ƙofar gida.

To yanzu asibitin da kamfanin ke hulɗa da su sun ba da rahoto. Ƙanena ya karanta mana, bai cika rabin shafi ba. Abin da ke ciki shi ne ciwo ya warke, an cire rabin yatsa ɗaya, majinyaci ba shi da wani ƙorafi, zai iya komawa bakin aiki. Kamfani kuma sun kira shi sun ce za su ba shi naira dubu ɗari huɗu ya sa hannu a takarda, magana ta mutu. Da wannan rahoton za a lissafa haƙƙinsa? Kuma ya karɓa ko kar ya karɓa?

Abu Sadiq (shugaban zaure): Wa alaikumus salam. Subhanallah. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Barista da Dakta, idan kuna kusa ga aiki ya same ku.

Ɗan Sharaɗa: Yaya, ki ce masa ya karɓa tun kafin su canza shawara. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Na ga waɗanda suka rasa hannu sukutum aka sallame su da kuɗin mota da "Allah ya kiyaye gaba".

Barista Ɗan Zazzau: Maman Hanifa, kar ya sa hannu a komai tukuna. Ɗan Sharaɗa, ka bari in gama kafin ka jefe ni.

Dokar da ta shafi wannan ita ce dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1987. Hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, ke gudanar da ita. Kowane mai ɗaukar ma'aikata yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata cikin wani asusu, kuma haramun ne ya cire wannan kuɗin daga albashin ma'aikaci. Daga asusun ake biyan wanda ya ji rauni. Don haka kyautar da kamfani ya ce zai yi daban, haƙƙin da doka ta ba shi daban. Sashe na 13 ma ya ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da ubangidansa cewa ya yafe wannan haƙƙin, yarjejeniyar banza ce. Duk da haka ina hana mutane sa hannu, domin warware takardar da ka riga ka dangwala wa yatsa wahala ce da ba ta da dalili.

Abin da ya fi damuna lokaci ne. Ma'aikaci yana da kwana 14 ya sanar da kamfani ya ji rauni, kamfani yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar, neman diyya kuma cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. Ki tambaye shi: an cike fom an kai, ko ana ta jan sa da hira?

Maman Hanifa: Barista na gode. Ya ce an ba shi wasu takardu ya sa hannu tun yana gadon asibiti, da hagu ma ya sa. Bai san ko su ne ba. Kuma shi ba a tabbatar da shi ba, ɗan kwantiragi ne, duk wata shida ake sabunta musu.

Barista Ɗan Zazzau: Kwantiragin ba ya fitar da shi. Dokar ta haɗa da na wucin gadi, da na rabin rana, da mai koyon aiki, har da ɗan aikin gida in ba dangin maigidan ba ne. Sojoji ne aka cire. Ya je ofishin hukumar da kansa ya tambaya ko an buɗe masa fayil, kar ya jira a gaya masa.

Tambayarki ta farko kuma amsarta e. Waɗanda za su yanke kason ba su ga ranar da injin ya kama shi ba, ba sa ganin ki kina saka masa maɓalli. Takarda suke gani. Wanda ya nakasa gaba ɗaya, sashe na 21 ya ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Wanda wani ɓangare ne ya tafi, sashe na 22 ya ce a kimanta yawan abin da ya ragu na ikonsa na neman kuɗi, a bi jadawalin da ke ƙarshen dokar, a biya kashi 90 na wannan asarar. Bari in yi misali da lamba mai sauƙin lissafi. Mu ce albashinsa dubu 100 ne. In an ce nakasarsa kashi 10 ce, dubu 9 ke nan a wata. In an ce kashi 25 ce, dubu 22 da ɗari biyar. Bambancin dubu 13 da ɗari biyar duk wata. Biyan kuma yana tafiya har mutum ya kai shekara 55, ko lokacin da aka gamsu zai yi ritaya. In yana da 34 yanzu, wata 252 ke gabansa. Ki ninka, za ki ga fiye da miliyan 3 da dubu 400 ne ke rataye a kan abin da likita ya rubuta ko ya bari bai rubuta ba.

Likitan Ƙashi: Sannunku. Yanzu na fito daga tiyata na tarar da maganar. Maman Hanifa, ba zan yi wa maigidanki hukunci ta waya ba, kuma ba zan zagi abokin aikina ba tare da na ga fayil ba. Amma abin da kika karanto mana takardar sallama ce. Ta amsa tambayar "ciwon ya rufe?" Tambayar diyya kuwa ita ce "me hannun nan yake iya yi yanzu, me ya daina iyawa har abada?" Likita ɗaya zai iya rubuta dukansu, amma ba zama ɗaya ba ne, kuma ba kayan aiki ɗaya ba.

In na zauna auna hannu, akwai wani ɗan ma'auni mai kama da rula biyu da aka haɗa da ƙusa a tsakiya. Ina ɗora shi a kan kowace gaɓa in ce ka lanƙwasa, in rubuta digiri nawa ta kai. Yatsa mai lafiya, gaɓar gindi tana kai wajen 90, ta tsakiya wajen 100, ta kusa da farce wajen 70. In ta tsakiya ta tsaya a 20, lambar nan 20 ita ce hujjarsa, ba "yatsan ya ɗan ƙage" ba. Sai ƙarfin damƙa: ya matse na'ura sau uku da dama, sau uku da hagu, a kwatanta. Sai ji. Ya rufe ido, in taɓa kan yatsan da tsini biyu a lokaci ɗaya, ina matso da su kusa da juna, ya faɗa mini ɗaya yake ji ko biyu. Mai lafiya yana bambancewa ko tazarar ba ta wuce milimita 6 ba. In an buɗa fiye da 15 har yanzu ɗaya yake ji, ko ba ya jin komai, to wannan wajen ana ƙirga shi a wanda jinsa ya mutu.

Babban yatsan nan da kika ambata a ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai. A littafin da ƙungiyar likitocin Amurka ta fitar, wanda jihohinsu da yawa suke auna nakasa da shi, babban yatsa kaɗai kashi 40 cikin 100 ne na hannu. Manuniya 20, na tsakiya 20, sauran biyun goma-goma. Jadawalin dokarmu yana da nasa lambobin, amma kowane likitan hannu zai gaya miki babban yatsa ne sarki, da shi ake tsinke, da shi ake riƙo. Rahoton da ya ƙirga rabin manuniya ya tsallake shi, ya tsallake yatsan da ya ƙage, ai ya ƙirga ƙaramar asarar ya bar babbar.

Maman Hanifa: Wallahi Dakta ba a yi masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ce likitan ya buɗe bandeji ya duba, ya tambaye shi ya jiki, shi ke nan.

Likitan Ƙashi: Shi kuma me ya ce?

Maman Hanifa: Ya ce da sauƙi, alhamdulillah.

Likitan Ƙashi: To ga inda "ba shi da wani ƙorafi" ta fito.

Kullum da wannan nake fama. Dattijo zai shigo ana riƙe da shi, gumi na tsatstsafo masa saboda azaba, ka ce Baba ya jikin, ya ce da sauƙi. Mu da muka tashi a ciki mun san gaisuwa ce, sai mu ƙara tambaya. Amma likitan da majinyata sittin ke jira a waje, ko wanda ba ɗan nan ba ne, abin da ya ji shi zai rubuta. Namiji kuma ba ya son ya ce a gaban baƙo matarsa ke saka masa riga. Sai jarumtar ta koma ta cinye masa haƙƙi. Ranar awo ranar lissafi ce. Ya faɗi abin da ya gagare shi ɗaya bayan ɗaya: ba na iya ɗaukar tsabar kuɗi daga ƙasa, ba na iya murɗa makulli, ba na iya riƙe sifana, sanyin asuba yana tashina. Ya yi godiya ga Allah, sannan ya lissafa.

Malam Na Bakin Kasuwa: Dakta ya yi gaskiya, kuma ina so in cire wa 'yar uwarmu wani nauyi, don na san za a samu masu ce mata ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara ce, babu shakka. Neman haƙƙi kuma bai saɓa wa yarda da ita ba. Shari'a da kanta ta yi wa gaɓoɓi kima: rai raƙuma 100, hannu ɗaya 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. A Risala ma, littafin fiƙihun Malikiyya, an kai har kan gaɓar yatsa, uku da sulusi, ta babban yatsa kuma biyar. Abin da babu adadi a kansa masana ke kimantawa. Kuma a nan ne aka ce ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Ban ce dokar gwamnati ita ce diyyar shari'a ba, hukuncinsu daban. Abin da nake cewa, ƙirga abin da jiki ya rasa ba rashin tawakkali ba ne.

Ɗan Sharaɗa: Allah ya gafarta Malam, to ga Dakta ya ce babban yatsa ya ninka ɗan ƙaramin sau huɗu, ku kuma kun ce duk goma-goma. Wa za mu bi? 😄

Malam Na Bakin Kasuwa: Kai dai ba ka rabo da neman rigima. Can darajar gaɓa ake biya, kuma nassi ya daidaita su. Nan kuwa abin da mutum ya rasa na neman abinci ake aunawa. Ba tambaya ɗaya suke amsawa ba.

Mai Gashin Ƙashi: Ina so in tsaya a kan maganar Malam ta "sai bayan ya warke", domin mu ma a wajenmu ita ce ƙa'ida, kuma a nan mutane ke cutar kansu ta fuska biyu. Ba a yanke kaso na dindindin sai jiki ya tsaya, wato an kai inda magani da motsa gaɓa ba za su ƙara wani abin kirki ba. Ƙashin yatsa yana haɗewa cikin mako huɗu zuwa shida, amma haɗewar ƙashi ba ita ce dawowar hannu ba. Jijiyar motsi da aka ɗinke tana son wajen wata uku. Jijiyar ji kuwa a hankali take tsirowa, kusan milimita ɗaya a rana. Don haka babban yatsan nan zai iya farfaɗowa nan da wasu watanni, zai iya kuma tsayawa a haka. Wanda ya auna da wuri, ɗanyar gyaɗa ya auna, in ta bushe mudun ba zai zama ɗaya ba.

Yaya, tambayata gare ki: yana zuwa gashi?

Maman Hanifa: Ya je sau kaɗan ya daina. Ya ce zafi, ga kuɗin mota. Hajiyarsu kuma ta kawo wani mai ɗori yana shafa masa magani yana ja.

Mai Gashin Ƙashi: Don girman Allah a dakatar da jan nan, akwai ƙarfe a ciki. Ba raina masu ɗori nake ba, kakana ma ɗori yake yi. Amma mai ɗori ba ya rubuta komai. Watannin da aka yi a wajensa, a fayil fili ne fari. Gobe sai a ce yatsan ya ƙage ne don majinyaci ya bar magani, ba don injin ba, kuma ba ku da takardar da za ku musa da ita. Ya koma gashi, duk zuwa a sa masa hannu a kati, a rubuta digirin da ya kai ranar. Katin nan shi zai nuna an yi iya yi, gaɓar ta ƙi. Ku kuma ajiye kowane rasit da kowane hoton ƙashi, tun na ranar farko.

Hajiya Mai Fayil: Na yi shiru ina karantawa, amma bari in faɗi ta ɗaya ɓangaren tunda a ofishin kula da ma'aikata nake cin abinci. Kuna magana kamar kowane kamfani azzalumi ne, kowane ma'aikaci kuma waliyyi. Na ga wanda ya zo da sanda yana ɗingishi, da yamma aka gan shi a filin ƙwallo. Na ga wanda ya faɗi a babur ranar Lahadi wajen biki, Litinin ya ce a bakin aiki ne. In ana koya wa mutane abin da za su faɗa wa likita, ina za a tsaya? Kuma kamfanin da ke biyan kasonsa na asusu ba shi da wata riba in an rage wa ma'aikaci kaso, ba daga aljihunsa za a biya ba.

Ɗan Sharaɗa: Hajiya, "kamfanin da ke biya" kika ce. Wanda bai taɓa yin rajista ba fa? Shi ne ke saurin fito da dubu ɗari huɗu da biro.

Hajiya Mai Fayil: Wannan kuma ban musa ba. Akwai su.

Likitan Ƙashi: Hajiya, masu ƙarin gishiri suna nan, kuma awo na gaskiya shi ke kama su. Shi ya sa ake maimaitawa. Wanda yake matse na'ura da iyakar ƙarfinsa, lambobinsa uku za su zo kusa da juna. Mai yi da gangan sau da yawa ba ya iya daidaita ƙaryarsa, ɗaya ta yi sama ɗaya ta yi ƙasa. Hannun da aka daɗe ba a mora ba naman damtsensa yana zubewa, tef ɗin tela ma ya isa ya nuna. Ina kallon yadda mutum ya cire takalmi da yadda ya karɓi katinsa tun kafin ya san an fara dubawa. Don haka abin da na ce ya faɗa, gaskiyarsa ce kawai, kar ya rage kar ya ƙara. In ya ƙara aka kama shi a abu ɗaya, sauran gaskiyar tasa ma ta zube. A abin da nake gani a ɗakina dai, masu ragewa sun fi masu ƙarawa yawa nesa ba kusa ba, kuma rahoton rabin shafi ba ya kama maƙaryaci, mai kunya kawai yake kayarwa.

Barista Ɗan Zazzau: Hajiya, ƙaramin gyara a kan babur. Na biki ranar Lahadi babu shi, gaskiya ne. Amma wanda ya faɗi a hanyarsa ta zuwa aiki daga gida ko ta komawa, dokar ta rufe shi. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Akwai kuma abin da ba a taɓo ba. In mutum yana da tsohuwar nakasa a wajen, sabon rauni ya hau kanta, ana biyan kason da za a iya jingina wa sabon ne kawai. Nan ma bakin likita ake kallo. Jimla ɗaya kamar "akwai alamar tsohon ciwo" tana iya raba kaso biyu. In akwai tsohon ciwon, ya faɗa da bakinsa, ya kuma faɗi cewa da shi yake aikinsa lafiya har ranar da abin ya faru.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar asusun ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, ke riƙe da wannan, tsarin Faransa muka gada. Likitan gidan likita yana ba da takarda tun farko, in ciwo ya tsaya ya ba da ta biyu, sannan likitan asusun ya duba kason. Amma lissafinmu akwai lauje cikin naɗi. Abin da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 ana ƙara mishi rabinshi. Wanda aka ba 30, da 15 za a yi mishi lissafi. Wanda aka ba 60, 25 ne da 15, ya zama 40. In kuma bai kai 10 ba, kuɗi ne dunƙule sau ɗaya, babu na wata-wata. Kun ga tsakanin 9 da 10 ba lamba ɗaya ba ce, rayuwa ce guda.

Ɗan Sharaɗa: To ni har yanzu ban sauka daga kan bakana ba. Barista ya yi mana lissafin miliyan uku har 55. Dubu 9 ta yau, nan da shekara goma me za ta saya? Buhun shinkafar da muka sani shekara biyar da suka wuce nawa yake yanzu? Dubu ɗari huɗu a hannu yau ana iya kafa teburin kayan miya ko a sayi firiza.

Barista Ɗan Zazzau: Maganar faɗuwar naira gaskiya ce, ba zan yi maka gardama a kanta ba. Amma kana ciniki ne ba ka san nauyin kayanka ba. A auna tukuna. In an auna aka ga abin da ya rasa kaɗan ne, sai ya san kyautar kamfanin ta yi. In aka ga babban yatsa ya tafi, na tsakiya ya ƙage, to ka sayar da hannun dama na magidanci a kuɗin firiza. Kuma ba kuɗin wata kaɗai ke cikin dokar ba, akwai kuɗin magani, akwai taimakon koyon wata sana'a ga wanda ba zai iya komawa tsohuwar ba, akwai abin da ake bayarwa dunƙule in rauni ya ɓata kamannin mutum. In an yanke masa kason da bai gamsu ba, yana da kwana 180 ya nemi a sake dubawa, daga nan kuma sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sai dai ɗaukaka ƙara ba ta tafiya da "wallahi an cuce ni". Rahoton ƙwararre take so, mai lambobi. A Kano kuwa ba a rasa ƙwararrun ƙashi, ga asibitin ƙashi na Dala nan.

Mai Gashin Ƙashi: Ya kuma gaya wa likitan ainihin aikinsa. Ba "ma'aikacin kamfani" ba. Ya kwatanta: ina ɗaukar abu mai nauyi kaza, ina cusa shi da yatsu uku, ina janye hannu kafin injin ya sauko.

Hajiya Mai Fayil: Nan kuma ban yarda ba. Aikin likita jiki ne. In aka ce ya shiga maganar sana'a, kowa sai ya ce tasa ce ta fi. Shi ya sa aka yi jadawali, don yatsan manaja da na lebura su zama ɗaya.

Likitan Ƙashi: A jiki ɗaya ne, Hajiya, kuma lambar da zan rubuta ɗaya ce. Amma ki ɗauki tela da malamin makaranta, duk su rasa manuniya. Malam zai koma aji mako mai zuwa. Tela fa? Ni ba zan ce a biya shi kaza ba, ba hurumina ba ne. Abin da ke kaina shi ne in rubuta cewa wannan hannun ba zai iya zare da allura ba, ko kuma bai kamata a mayar da shi gaban injin da ke son saurin janyewa ba alhali yatsan ba ya ji. In na rubuta "zai iya komawa aiki" ban san aikin ba, ranar da injin ya cinye sauran yatsun da sa hannuna a ciki.

Barista Ɗan Zazzau: Dokar ma ta bar wannan ƙofar. Inda jadawali bai kamo ainihin asarar mutum ba saboda irin sana'arsa, ana iya duba bambancin abin da yake samu da da abin da zai iya samu yanzu.

Baba Kakuri: Yara, ɗana ne ke rubuta mini. Na yi aikin masaƙa a Kaduna tun ina saurayi har aka rufe. Mu a ɗakin saƙa da hannu muke magana, don ko ka yi ihu ba mai ji. Yau in ana hira a taro sai dai in ga baki na motsi. Ni nawa ya wuce, ban nemi komai ba. Amma ɗan nawa yana aikin janareto a wani kamfani, ya fara cewa "na'am?" sau biyu kafin ya amsa, kuma ya ce kunnensa na ƙara da dare. Shi da babu jini babu yanka, yaya za a auna?

Likitan Ƙashi: Baba, barka da warhaka, Allah ya ƙara lafiya. Ba fannina ba ne, na likitan kunne ne, amma ana aunawa sarai, kuma dokar ta ware wa rashin ji sashe nasa. Za a sa shi a ɗaki marar hayaniya, a sa masa abin ji a kunne, a riƙa sako sauti daga mai kauri zuwa siriri, yana danna maɓalli in ya ji. Ɓarnar ƙarar inji tana da tambarinta: ta fi cin siraran sautuka, a takardar za a ga layin ya faɗa rami a wajen 4000 na ma'aunin sirantar sauti, yawanci a kunnuwa biyu. Shi ya sa mutum yake jin ana magana amma kalmomin ba sa fita. Ƙarar da ta kai 85 a ma'aunin ƙarfin sauti, wato desibel, in ana shan ta awa takwas kullum, ta isa ta yi wannan, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Ya yi gwajin yanzu yana da ƙuruciya. In ya bari sai ya haura hamsin, za a ce tsufa ne, kuma raba na tsufa da na inji yana wuya in babu tsohuwar takarda da za a kwatanta da ita.

Hajiya Mai Fayil: A nan kam muna tare. Kamfani mai hankali tun ranar ɗaukar aiki yake yin wannan gwajin, don ya kare kansa ma.

Baba Kakuri: Ya ce zai je gobe in ya tashi daga aiki.

Likitan Ƙashi: A'a Baba, kar ya je daga bakin janareto. Kunnen da ya wuni cikin ƙara yana toshewa na ɗan lokaci, sakamakon zai fito ba daidai ba, a ce a sake. Ya samu aƙalla awa 14 ba ya kusa da injin. Ya je ranar Litinin da safe bayan hutun Lahadi, kuma ya karɓo kwafin takardar ya riƙe a hannunsa, kar ya bar ta a fayil ɗin kamfani kaɗai.